Muhawara: Masu tara tsofaffin kaya, ceto suke yi ko wawushe gari?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma na san za ta ja magana. A babban birni mai tara tsofaffin kaya ba ya rage kowa da komai, don kayan sun yi yawa. Amma ƙaramin gari fa, inda kekunan ɗinkin da suka haura shekara sittin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, garmaho kuwa, tsohuwar na'urar jin waƙa ta faifai, wataƙila ɗaya ya rage? Idan mutum guda ya bi gida-gida ya saye su, ya kulle a ɗakinsa ko ya tura birni, ceton kayan ya yi ko wawushe garin? Na biyu, me ya sa masu wannan sha'awa suke rawar jiki a kan aikin wanda ya daɗe a ƙasa, amma masassaƙi ko mai zanen da ke raye a bayan layinsu ko kallo bai ishe su ba?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Hajiya a yi mini afuwa, ni ban ga abin wawushewa ba. Tarkace ne da ke cin wuri a ɗakin ajiya, ɓera ya yi gida a ciki. Wanda ya zo ya ba da kuɗinsa ya ɗauke ai taimako ya yi.

Baba Ɗanlami: Kabiru, da tsohuwar zuma ake magani. Ka samu keken ɗinki Singer baƙi, irin mai adon ruwan zinari a wuya, ka kwantar da kansa baya ka leƙa ƙasan. Ba za ka ga roba ko ɗaya ba, ƙarfe ne ke juya ƙarfe. Ka zare ƙurar zaren da ta cushe a ƙasan allura, ka ɗiga mai a ramukan da aka tanada, ka bar shi ya kwana. Da safe ka taɓa wilin da yatsa ɗaya, zai bi ka ba gardama. A gindinsa ta hannun dama akwai lamba da aka buga a ƙarfe, kuma kamfanin ya ajiye lissafin lambobin nan, don haka ana iya gano shekarar da aka ƙera shi. Idan ka ji ana ce wa samfurin 15K ko 99K ko 201K, harafin K ɗin na masana'antar Kilbowie ne a Clydebank ta ƙasar Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Masana'antar ta mutu, keken yana ɗinki. Wannan kake ce wa tarkace?

Kabiru: Allah ya huci zuciyar Baba. Keken ɗinki na yarda. Amma rediyon da ba ya magana fa?

Baba Ɗanlami: Kawo mini shi.

Alhaji Nasiru: Tunda da mu ake, bari dillali ya yi magana da bakinsa. Da farko a cire tunanin cewa duk tsohon abu dukiya ne. Shi wannan Singer da Baba yake yabo, miliyoyi aka ƙera, shi ya sa har gobe ba ya wahalar samu a duniya. A sana'armu abin da ya kai shekara 100 ajinsa daban, wanda ya haura ashirin amma bai kai ɗari ba ajinsa daban, kuma a duka biyun abu uku ake dubawa: ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, da sanin hannuwan da ya bi. Tsufa kaɗai ba ya sayar da kaya.

Sannan Hajiya, kina magana kamar idan ban saya ba kayan za su tafi gidan tarihi. Ba can za su ba. Abokin takarata ɗan gwangwan ne mai sikeli. Shi bai san Kilbowie ba, nauyi ya sani. Dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, tsohon sikelin tagulla, idan suka shiga buhunsa wuta ce makomarsu. Takardu da hotuna kuwa ko mai sikelin ba ya so, ranar da aka yi rabon gado ake share su a ƙona. Abin da na saya aƙalla yana nan a duniya.

Hajiya Rabi: Alhaji na ji ka. Tambaya ɗaya. Idan ka shiga wurin tsohuwa ka ga abin da ka san yana da daraja, ita ba ta sani ba, kana gaya mata?

Alhaji Nasiru: Ina biyan abin da muka daidaita, ba na yi wa kowa dole.

Hajiya Rabi: Ba ita na tambaya ba.

Alhaji Nasiru: To. Ba na ce mata abin banza ne alhali na san ba haka ba, wannan ha'inci ne. Amma ilimin da na kwashe shekaru ina tarawa shi ne jarina. Kuma ku tuna akwai kayan da zan saya su yi ta zama ba mai tayawa, asarar nan ba wanda ke raba ta da ni.

Malama Maryam: Ni aikina kula da kaya ne a gidan adana kayan tarihi, kuma abin da ya fi ci mini rai ba tafiyar kayan ba ce. Tafiyarsu ba labari ce. Ɗakin ajiyar kowane gidan tarihi cike yake da abubuwan da katinsu ke cewa ba a san maƙeri ba, ba a san shekara ba, ba a san inda aka samo ba. Irin wannan abu ba ya koyar da kowa komai, sai dai a kalla a wuce. Alhali ranar da aka saye shi, mai amsar duk tambayoyin nan tana zaune a tabarma a gaban mai sayen, minti goma kawai za ta ci.

Keken ɗinki ɗaya cikin miliyoyi ba komai ba ne a kasuwa, gaskiyar Alhaji. Amma keken da aka san wace mata ce ta fara karɓar ɗinki da shi a garin, wa ta koya wa, yara nawa ta ciyar da shi, wannan ɗaya ne tak a duniya, kuma darajarsa a wannan garin take. Idan ya bar garin ba takarda, ya koma ɗaya cikin miliyoyi. A nan nake ganin wawushewar take, Hajiya, ko da an biya kuɗi mai kyau.

Akwai tsarin rubuta bayanin kaya mai suna Object ID, wanda cibiyar Getty ta Amurka ta fitar a 1997, yanzu yana hannun ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM. Don maganin sata aka yi shi, amma kowa zai iya amfani da shi. Ka ɗauki hoto ta kowace fuska da ma'auni a gefe, ka rubuta mene ne abin, da me aka yi shi, tsawo da faɗi, duk wani rubutu ko tambari da ke jikinsa, tabo ko gyaran da ya bambanta shi da 'yan'uwansa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. Ni sai in ƙara: wa ya yi amfani da shi, kuma daga bakin wa ka ji.

Usman: Kun zo mini a daidai. Akwai garmaho da fayafayi a hannuna, sun yi baƙin datti. Niyyata in wanke fayafayin da sifirit, akwatin in bi shi da sanfefa in shafa sabon fenti, ƙarafan in goge su da Brasso, man goge ƙarfe.

Baba Ɗanlami: Innalillahi! Usman ajiye kwalbar nan. Garin gyaran gira za ka rasa ido. Fayafayin garmaho masu juyi 78 a minti ba na roba ba ne, da wani ƙaro ake yin su wanda ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, kuma sifirit narkar da shi yake. Burushi mai laushi ya isa, ka bi layin faifan a zagaye. Idan dattin ya kafe, ruwa kaɗan da ɗigon sabulun ruwa, kada ya taɓa takardar tsakiya, ka shanya a inuwa. Ka jera su a tsaye, kada ka ɗora wani kan wani, nauyi na tsaga su.

Allurar ƙarfen nan kuma fuska ɗaya take yi a canza ta. Haka aka tsara, allurar ce za ta cinye don faifan ya tsira. Idan ka maimaita ta, bakinta ya riga ya goge, sai ta riƙa sassaƙar layin. Kuma ka duba ko akwai fayafayin roba a cikinsu, masu juyi 33 da kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, ko ƙananan masu 45 na RCA da suka biyo a 1949. Waɗannan kada su kusanci garmaho, kan allurarsa ya yi musu nauyi, ji ɗaya zai kashe su.

Alhaji Nasiru: Fenti kuma ka manta da shi. Ranar da ka shafa, ka zubar da mafi yawan darajarsa. Mai saye na gaske dusashewar nan yake nema.

Malama Maryam: Ƙa'idarmu ita ce kada ka yi wa abu abin da ba za a iya warwarewa ba. Ƙura ana cirewa. Baƙin da tagulla ta yi a shekara tamanin kuwa, idan ka goge ya tafi ke nan, kuma man gogewa yana cin ƙarfen kansa. Kore mai gari-gari da ke fitowa a tagulla shi ne ciwo, wannan a nemi masani. Kuma don Allah jama'a ku daina manna salatif a tsofaffin takardu, ku daina kai su a rufe da leda mai zafi. Gam ɗin yana shiga takardar ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar kuwa ba ta sake fita.

Kabiru: Wato a bar shi da dattinsa a ce tarihi ne. To madalla.

Sadiya: Gaisuwa ga iyaye da yayye. An yi ta magana a kan rabin tambayar Hajiya, rabin da ya shafe mu an tsallake, kuma wannan ma amsa ce. Ni mai zane ce. Wanda zai kwana yana binciken lambar keken da aka ƙera a Sikotland bai taɓa tambayar sunan wanda ya sassaƙa ƙofar da yake wucewa kullum ba. Mai ginin tukwane, masaƙi, baduku, mai rubutun allon shaguna, duk a wurin mutanen gari masu aikin hannu ne kawai, sai ranar da baƙo ya zo da kyamara ya ce abin ya burge shi.

Ku duba Gee's Bend, wani ɗan ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, kogi ya kewaye shi ta fuska uku, mazaunansa baƙar fata jikokin bayi. Matan wurin sun gaji haɗa barguna da tsummokaran kayan aiki da buhuna, saboda sanyi ba don ado ba. A 2002 aka baje bargunan a gidan zane na Houston, daga nan aka kai su gidan zane na Whitney a New York, masana suka riƙa jera su da manyan masu zanen zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a kan sarki. Bargunan ba su canza ba, waɗanda aka shimfiɗa a gado ne jiya. Masu kallo ne suka canza. Kuma a 2007 wasu daga cikin matan sun kai masu tara kayan da suka fito da su duniya ƙara kotu a kan haƙƙinsu, aka rufe shari'ar a 2008. Ko ba komai, wannan ya nuna cewa shahara daban, abin da ke shiga hannun mai aiki daban.

Kabiru: Ƙanwata, zan faɗi abin da wasu ke jin nauyi. Ba kowane aikin gida ne mai kyau ba. Wani zanen idan ka gani sai ka yi a'uziyya. Don mutum ɗan garinmu ne sai in rataya abin da ba na so?

Sadiya: A'a Yaya Kabiru, sayen tausayi ma cin fuska ne. Wanda ya tsaya ya ce mini hannun nan ya fi ƙarfin jikin, ko launin nan ya mutu, ya fi mini wanda ya ce ma sha Allah ya wuce. Abin da nake roƙo a kalla da ido irin wanda ake kallon tsohon agogo da shi. A juya tukunya a ga kaurin bakinta, a ƙwanƙwasa a ji ko ta gasu. A duba bayan saƙa, nan ake gane gwani. Idan an duba ba ta yi ba, a bari. Amma a duba.

Malam Habibu: Ina bin ku a hankali. Abin da Sadiya ke nema an taɓa yinsa a Japan. Wajen 1925 wani masani mai suna Yanagi Soetsu da abokansa magina tangaran biyu, Hamada Shoji da Kawai Kanjiro, suka fara jan hankalin mutane cewa kwanon da talaka ke cin abinci a ciki da tufar manomi suna da kyan da ya isa a ajiye su a gidan kallo. A 1936 suka buɗe gidan adana sana'o'in talakawa a Tokyo, yana nan har yau. Garuruwan magina irin su Mashiko sun samu kasuwa ta dalilin haka. Abin lura, mutanen nan masu tara tsofaffin kaya ne. Tarawar ce ta wasa musu ido har suka gane aikin masu rai. Don haka ni ban ɗauki sha'awar biyu kishiyoyi ba.

Malama Maryam: Malam, misalin ya yi, amma akwai ƙashi a cikinsa. Yanagi ya yi ta yabon maƙerin da ba a san sunansa ba, wai rashin sa hannu shi ne tsarkin aikin. Wa wannan ya yi wa daɗi? Sunan Yanagi ya shiga tarihi, na Hamada ya shiga, dubban da suka yi kwanukan ba wanda ya san su. Rashin suna mai tarawa yake yi wa amfani, don shi ne zai zama mai ido, mai ganowa. Shawarata ga duk mai aikin hannu: sa sunanka da shekara a gindin abin da ka yi, ko da tambarin yatsa ne. Mai saye kuma ya tambayi suna ya rubuta.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Sadiya: Akwai ma ƙasashen da doka ta ba mai zane kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. Faransa ta fara a 1920, Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta a 2001, Ostireliya ta fara a 2010 da kashi 5 cikin 100, kuma masu zane 'yan asalin ƙasar da ke ƙauyuka suna cikin waɗanda suka fi amfana.

Alhaji Nasiru: Wannan sai inda ake gwanjo da rasit da lauya. A ƙaramin gari wa zai bi sawun tukunya? Kuma ku yi hattara da abin da kuke roƙo. Na ga abin da kasuwar waje ke yi wa masu sana'a. Da zarar baƙi sun nuna tsohon abu suke so, sai masassaƙi ya daina yin aikinsa mai kyau, ya koma yin na jiya. A sassaƙa yau, a rataya a hayaƙi, a binne a ƙasa mai laima, a huda da ƙusa wai ƙwaro ne ya ci. Ramin ƙwaro na gaske ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake a cikin icen, kuma gogewar hannu tana zuwa ne a inda hannu ke kamawa, ba ko'ina daidai wa daida ba. Amma sabon shiga ganin kitse yake wa rogo. Gwanin da ya isa a san sunansa ya koma maƙerin jabu, saboda tsohon da ba suna ya fi sabon da ke da suna kuɗi.

Hajiya Rabi: Alhaji, ai yanzu ka dawo layina da ƙafarka.

Alhaji Nasiru: Ban dawo ba Hajiya, gefe na tsaya. Laifin na masu saye ne, mu abin da ake nema muke kawowa.

Malama Maryam: Tunda an ambaci binnewa, a raba abu biyu. Kayan gidan kakanni daban, abin da aka tono daga ƙasa daban. Na biyun a yawancin ƙasashe doka ba ta yarda a yi cinikinsa ko a fitar da shi ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan haka take, kuma jerin kayan da ke cikin haɗari da ICOM ta fara fitarwa a 2000 da na Afirka ta fara, irin mutum-mutumin yumɓu na Nok ta Najeriya da na kwarin kogin Neja. Hauren giwa ma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun matakin da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta ɗauka a 1989. Wanda aka kawo wa irin waɗannan ya sanar da hukuma, kada ya taya.

Hajiya Rabi: To ga abin da nake ganin kowane ƙaramin gari zai iya. A samu ɗaki ɗaya, ajin makaranta ko ɗakin karatu, na kwana biyu ko uku. Kowa ya kawo abinsa aro, ba kyauta ba, a rubuta masa takardar karɓa. Kowane abu da katinsa irin na Malama Maryam, ɗalibai su zauna da tsofaffi su cike. Kuma kada a ware tsoho gefe sabo gefe. A ajiye tsohuwar kujera kusa da ta kafintan da ke raye, shi kuma yana tsaye a wurin, a tambaye shi.

Malama Maryam: Zai yiwu, amma a kula da haske. Tufafi da takarda da hoto mu ba ma ba su fiye da lux 50, wato dishi-dishi, kuma koɗewar rana ba ta dawowa. Kada a jingina komai da bangon da ke tsattsafo, laima idan ta haura kashi 65 zuwa 70 fumfuna za ta tashi. Tufar da ake zargin asu ya shiga, a ɗaure ta a leda a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili na mako guda kafin ta haɗu da sauran, a bar ta ta huce a cikin ledar. Ban da zanen fenti da abin da aka haɗa da gam.

Baba Ɗanlami: Ni nawa gargaɗin uku ne. Tsohon rediyo mai kwalabe kada wani ya ce zai jona shi a wuta don a ji, kayan cikinsa sun bushe, wasu kuma jikin ƙarfensu na ɗaukar wuta. Agogon da aka yi lambobinsa don su yi haske da dare, idan na kafin shekarun 1960 ne, mai yiwuwa fentin radiyam ne, wani sinadari mai fitar da tiriri mai cutarwa. Ko hasken ya mutu gubar tana nan, sai ta shekara 1,600 kafin rabinta ya tafi, don haka kada a buɗe gilashin, kada yara su yi wasa da shi. Na uku, kaset. Tun 1963 da Philips ya fito da shi mutane ke ɗaukar muryar iyayensu da mawaƙan garinsu, kuma zaren yana lalacewa yana manne wa juna. Keken ɗinki zai jira ku shekara hamsin, kaset ba zai jira ba. Shi za a fara juyewa a kwamfuta.

Kabiru: Duk na ji. Wa zai riƙe makullin ɗakin? Don idan agogon wani ya yi ƙafa, zumunci ne zai lalace.

Alhaji Nasiru: Ni zan iya ba da aron akwatunan gilashi masu kwaɗo.

Hajiya Rabi: Mun gode Alhaji, da sharaɗi: ba ciniki a cikin ɗakin, ba karɓar lambar tsofaffi a bakin ƙofa.

Alhaji Nasiru: Na tsofaffi na yarda. Amma masu sana'ar da ke raye a bar su su sayar, in ba haka ba me suka zo yi?

Sadiya: A nan kam ina bayan Alhaji.

Usman: Baba, cikin fayafayin akwai guda biyu da suka tsage daga baki zuwa tsakiya. Ana iya jin su ko in haƙura?

Baba Ɗanlami: Kada ka ɗora su a garmaho, allurar za ta faɗa tsagar ta ƙarasa su. Ka sa kowanne tsakanin kwali biyu, ka ɗauki hoton takardar tsakiyar yadda lambar za ta fito sosai, ka turo nan mu gani.